Inabin Kudan Da Teburin Abuja: Darasi Daga Gonakin Italiya

Duk wanda ya saba halartar liyafar gwamnati a Abuja ya san yadda ake rufe taro. Da zarar babban baƙo ya kammala jawabi, sai ma'aikatan otal su ɓullo da dogayen kwalabe masu wuyan ruwan zinariya, a ɓalle murfi da ƙara, a tsiyaya wa manya a kofunan gilashi. Da yake da yawa daga cikin mahalarta ba sa shan barasa, abin da ke cikin kwalaben ruwan inabi ne marar sa maye. In ka juya kwalbar ka karanta bayanta, za ka tarar daga Sifaniya ta zo, ko Afirka ta Kudu, ko Italiya. Haka ma curin inabin da aka ƙawata farantin kayan marmari da shi, daga ƙetare aka kawo shi cikin 'yar roba mai ɗauke da sunan wata ƙasa.

A can ƙarshen zaure kuwa, in an yi sa'a, akwai zoɓo da kunun aya cikin gorunan roba marasa suna, waɗanda galibi rabon direbobi ne da masu tsaron lafiya. Babu mai tambayar gonar da furen zoɓon ya fito, balle hannun da ya dafa shi.

Abin da mutane da dama a wannan zaure ba su sani ba shi ne, tafiyar kimanin kilomita 300 daga inda suke zaune, a Ƙaramar Hukumar Kudan ta Jihar Kaduna, akwai manoman da suka mayar da noman inabi sana'a. Inabinsu yana isa kasuwa, amma sunan Kudan bai cika raka shi zuwa teburin manya ba. Me ya sa kwalbar da ta fito daga wani ƙauye a Italiya take zuwa da sunan ƙauyen, da sunan irin inabin, har da abincin da ya dace a ci da ita, alhali namu yana yawo kamar maraya? Amsar tana da alaƙa da aikin da masu karatun wannan shafi suke yi kullum: rubuta jerin kayan sayayya, da tsara takardun shawara, da shirya daftarin doka.

Gidan da ya shekara 600 yana tallar suna

Tun farko a faɗi abin da yake a fili: giya haramun ce a Musulunci, kuma wannan rubutu ba tallarta yake yi ba. Sai dai Bahaushe ya ce da na gaba ake gane zurfin ruwa. Ƙasar Italiya ta daɗe da gano yadda ake mayar da amfanin gona dukiyar da ake gada, kuma a gonakin inabinta ne wannan hikima ta fi bayyana.

A yankin Tuskani, inda birnin Fulorans yake, akwai wani gida da ake kira Marchesi Antinori. Tarihin gidan a wannan sana'a ya faro ne a shekarar 1385, lokacin da kakansu Giovanni di Piero Antinori ya shiga ƙungiyar masu sana'ar inabi ta birnin. A ƙasar Hausa, wannan ya yi daidai da zamanin Sarkin Kano Yaji ɗan Tsamiya, kusan shekara 80 kafin Muhammadu Rumfa ya hau karaga. Yau zuriya ta 26 ce ke riƙe da gidan, kuma mace ce, Albiera Antinori, ke shugabancinsa tare da 'yan'uwanta mata biyu.

Gidan ba ya sayar da abu ɗaya da suna ɗaya. Kowace gona da nata. Pèppoli daga tsaunukan Chianti Classico yake, Pian delle Vigne daga garin Montalcino, Cervaro della Sala daga yankin Umbria, Prunotto kuwa daga Alba da ke arewa maso yammacin ƙasar. Wanda ya fi shahara shi ne Tignanello, sunan wata gona ce guda, da aka fara fitarwa a tsarinsa na zamani da amfanin shekarar 1971. Mai saye a Landan ko Tokyo yana biyan kuɗin abin da ke cikin kwalbar, yana kuma biyan kuɗin tabbacin cewa daga wannan gangaren tsauni ya fito, ba daga wani wuri ba.

Kowane iri da ƙasarsa

Italiya tana da nau'o'in inabi sama da 500 da aka yi wa rajista a hukumance, kuma kusan kowane yanki da wanda ya yi fice da shi. A Tuskani, Sangiovese ne sarki, baƙin inabi mai tsami da ɗan bauri. A yankin Piemonte akwai Nebbiolo, wanda ake danganta sunansa da hazon da ke rufe tsaunuka lokacin girbi. A kusa da birnin Berona akwai Corvina, wanda ake shanya curinsa na wasu watanni ya yi yaushi kafin a matse. A arewa maso gabas akwai farin inabin Glera. A tsibirin Sisili kuwa akwai Nero d'Avola, wanda sunan garin Avola yake manne a jikinsa, kamar yadda muke cewa albasar Aliero ko barkonon Ɗanja.

Waɗannan sunaye suna da doka a bayansu. Tun ranar 24 ga Satumba, 1716, mai mulkin Tuskani, Cosimo na Uku na gidan Medici, ya fitar da sanarwar da ta shata iyakar yankuna huɗu, ciki har da Chianti, ta yadda wanda gonarsa ba ta cikin iyakar ba zai yi amfani da sunan ba. A 1924 manoman Chianti suka kafa ƙungiyar kare sunansu, suka ɗauki baƙin zakara a matsayin tambari. A 1963 gwamnatin ƙasar ta kafa tsarin da ake kira DOC, wato sunan asali da ke ƙarƙashin sa ido, sannan a 1980 aka fara bayar da matakin da ya fi shi tsanani, DOCG.

Kowane suna yana da kundin sharuɗɗa. Ba a kiran abu Chianti Classico sai aƙalla kashi 80 cikin 100 na inabinsa Sangiovese ne. Brunello na Montalcino ba ya karɓar gauraye ko kaɗan. Barolo sai ya kwana aƙalla wata 38 a ajiye kafin a fitar da shi kasuwa. Har yawan abin da za a girba a kowace hekta an ƙayyade, don kada kwaɗayin yawa ya kashe inganci. A 2009 ma hukumomi sun yi wata dabara: sunan Prosecco da a da ake kiran irin inabin da shi, suka mayar da shi sunan yanki kaɗai, irin kuma ya koma Glera. Dalili kuwa shi ne, kowa zai iya dasa iri a ƙasarsa, amma ba wanda zai iya ɗauke yanki.

Wannan tsari bai tsaya ga abin maye ba. Inabin ci na garuruwan Canicattì da Mazzarrone a Sisili yana da hatimin kariya na Tarayyar Turai. Irin da ya fi yawa a can, mai suna Italia, wani masani ne, Alberto Pirovano, ya samar da shi a 1911 ta hanyar haɗa iri biyu. A Modena kuwa ana dafa ruwan inabi, a zuba a gangunan katako na aƙalla shekara 12, ya zama wani baƙin khal mai kauri da ake ɗiga wa abinci. Ke nan ko wanda bai taɓa kusantar giya ba yana da abin koyo a wannan gona.

Darasin da aka biya da rayuka

Italiya ba ta kai nan cikin ruwan sanyi ba. A watan Maris na 1986 aka gano wasu 'yan kasuwa a arewacin ƙasar suna zuba sinadarin metanol cikin giya mai araha don ƙara mata ƙarfi. Mutane kusan 20 suka mutu, wasu suka makance, ƙasashen waje suka riƙa tsare kayan Italiya a kan iyaka. Laifin 'yan kaɗan ya shafa wa dubban manoma kashin kaji. Daga nan aka tsaurara bincike, aka sake fasalin dokar sunaye a 1992, masu sana'ar kuma suka karkata daga neman yawa zuwa neman inganci.

Mu ma mun ɗanɗana irin wannan ɗaci. A 2021, gurɓataccen sinadarin haɗa lemo da ake sayarwa da sunan ɗan tsami ya kwantar da ɗaruruwan mutane a asibitocin Kano, wasu suka riga mu gidan gaskiya. Irin wannan labari ne ke sa jami'in da ke shirya liyafa ya ji tsoron ɗora gorar zoɓo marar suna a gaban minista. Tsoronsa yana da hujja. In wani abu ya faru, kwalbar ƙetare tana da kamfanin da za a tuhuma, gorar roba kuwa ba ta da uba. Suna a jikin kaya alkawari ne, kuma adireshi ne na wanda za a kama idan alkawarin ya karye.

Kudan: inabi a ƙasar rake

Kudan tana arewa da Zariya, hedikwatarta Hunƙuyi, kuma an daɗe da saninta da rake da mazarƙwaila da tumatir. A shekarun baya-bayan nan ne sunanta ya fara fitowa a jaridu a matsayin cibiyar noman inabi a Nijeriya. Mai wucewa zai ga rumfunan da aka kafa da turaku da waya, ganye ya lulluɓe sama, curin inabi yana reto a ƙarƙashi.

Noman inabi a ƙasa mai zafi yana da nasa ilimi. A Turai, hunturu ne ke sa itacen ya zubar da ganye ya huta, ya farka da bazara. A nan babu irin wannan sanyi, don haka manomi ne ke yi wa itacen agogo: ya sassabe rassa a lokacin da ya zaɓa, sabon toho ya fito, fure ya biyo baya. Gwanintar ita ce a daidaita sassaben yadda 'ya'yan za su nuna cikin rani, domin damina da laimarta suna kawo cututtukan fumfuna da ke ƙona ganye su ruɓar da curi. Rani kuma yana nufin ban-ruwa, wato rijiyar burtsatse da man inji ko hasken rana. Ga tsuntsaye da ke rigan manomi sanin cewa inabi ya yi zaƙi. Kafa rumfa kaɗai jari ne mai nauyi, amma itacen da aka kula da shi yana shekaru da yawa yana bayarwa.

Wannan ba abin da ya gagari ƙasashe irin tamu ba ne. Kwarin kogin São Francisco a Barazil, kusa da birnin Petrolina, yana da yanayin zafi da fari kusan irin na arewacin Kaduna, kuma daga can ana fitar da inabi zuwa Turai da Amurka. Haka gundumar Nashik a Indiya, wadda inabinta ke da rajistar sunan asali a ƙasarsa.

Babbar matsalar tana farawa ne ranar girbi. Inabi ba kamar mangwaro ko ayaba ba ne, da za a tsinka ɗanye ya ƙarasa nuna a hanya. Zaƙin da ya bar itace da shi, da shi zai mutu. Saboda haka dole a jira ya nuna, in kuma ya nuna ba ya jiran kowa. Inabin da ake shigowa da shi yana tafiya ne cikin sanyin da ya kusa daskarar da ruwa tun daga gona har kanti, shi ya sa yake makonni bai yi yaushi ba. Na gida kuwa yana hawa mota cikin kwali, ya bi titin Zariya zuwa Kaduna zuwa Abuja cikin rana. Manomin da ba shi da ɗakin sanyi ba shi da bakin ciniki, farashin da dillali ya yanka shi zai karɓa. In kayan ya iso kasuwar kayan marmari ta Zuba ko ta Wuse, sai ya shige cikin sauran inabi, mai saye bai san na Kudan ya ci ba, balle gobe ya nemi irinsa.

Akwai hanyoyin rage wannan asara da ba sa buƙatar wata babbar masana'anta. Kimanin kilo 4 na ɗanyen inabi yana ba da kilo 1 na zabibi, kuma busasshiyar iskar hunturunmu ta dace da shanya. Zabibin da muke zubawa a alkaki da shinkafar biki kusan duk daga waje yake zuwa. Ruwan inabin da aka matse, aka dafa shi daidai gwargwado don kashe ƙwayoyin cuta, aka rufe a kwalba, shi ne ainihin abin da muke ɓalle wa murfi a liyafa da kuɗin ƙetare.

Abinci da abokin tafiyarsa

Abu na uku da Italiya ke sayarwa, bayan wuri da iri, shi ne sanin abin da ya dace da wane. Duk gidan inabi a can zai gaya wa baƙo abincin da kowace kwalba ke so. Sangiovese yana tafiya da gasasshen naman sa irin na Fulorans da taliya mai miyar tumatir. Nebbiolo da naman da aka daɗe ana dafawa a tukunya. Farin inabi marar nauyi kuwa da kifi. Kowace shekara a watan Nuwamba, tun 2016, ofisoshin jakadancin Italiya a faɗin duniya suna gudanar da makon abincin ƙasarsu, inda ake koya wa baƙi wannan haɗi.

Dalilan haɗin ba sihiri ba ne, harshe ne. Tsami yana wanke maiƙo daga baki, ya sa loma ta gaba ta yi daɗi kamar ta farko. Bauri, irin wanda ake ji a goro ko ɗanyar kanya, yana laushi idan ya haɗu da nama mai kitse. Zaƙi da madara suna kwantar da zafin yaji. Abin sha mai nauyi yana danne abinci marar nauyi.

Uwar gida a Katsina ko Haɗeja ta san duk wannan ba tare da ta shiga aji ba. Kunun tsamiya da ƙosai lokacin buɗa-baki haɗi ne na tsami da soyayyen abu. Koko da ƙosai haka. Mai tsire yana yanka albasa da tumatir a gefe ne don su karya maiƙon ƙuli. Zoɓo mai sanyi, wanda ba a cika masa sukari ba, yana yi wa balangu da kilishi aikin da jan inabi ke yi wa naman Fulorans, kuma ba abin mamaki ba ne, domin sinadarin da ya ba furen zoɓo launinsa dangi ɗaya ne da wanda ke cikin ɓawon baƙin inabi. Kunun aya da dabino yana sanyaya baki bayan farfesu mai yaji. Kunun gyaɗa ya fi son masa ko ƙosai da safe. Fura da nono kuwa abinci ce mai zaman kanta, wanda ya ɗora ta a kan tuwon shinkafa da miyar taushe ya haɗa sarakuna biyu a gari ɗaya. Inabi ɗanye mai ɗan tsami yana dacewa da soyayyen cuku, ko ya zo a ƙarshe ya rufe baki bayan dambun nama.

Bambancin shi ne, Italiya ta rubuta nata, ta buga a jikin kwalba, ta koya wa ma'aikatan otal. Namu yana nan a bakin iyaye mata, kuma jerin abincin liyafar Abuja bai san da shi ba.

Akwai kuma wani abin lura ga hadiman da ke yi wa iyayen gidansu sayayya. Kwalaben da ake kira marasa maye iri biyu ne. Akwai ruwan inabi zalla da aka saka wa iska, wanda bai taɓa zama giya ba. Akwai kuma giyar da aka gama haɗawa sannan aka janye barasar, wadda dokar Tarayyar Turai ta yarda a samu ragowar da ba ta wuce rabin kashi ɗaya cikin 100 ba a cikinta. Ga wanda yake kiyaye addininsa, wannan bambanci ne da ya kamata ya karanta a bayan kwalba, ya kuma tambayi malamai hukuncinsa, kafin ya ɗora a gaban baƙi.

Kura da shan bugu

Mun taɓa yin asarar suna, kuma tarihi bai manta ba. Ƙarnuka da dama fatar jan akuyar Sakkwato da jimammiyar fatar Kano suna ƙetare Sahara a bayan raƙuma, su isa Turai ta tashoshin Arewacin Afirka. Turawa suka sa mata suna fatar Maroko, suka yi bangon littattafai masu tsada da ita. Har yau sunan Maroko ake kira. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Labarin bai ƙare da zamanin ayari ba. A Sifaniya ana yin wani abin sha da aya mai suna horchata, kuma ayar yankin Balensiya tana da hatimin sunan asali, duk da cewa ƙasar tana sayen aya mai yawa daga Afirka ta Yamma, ciki har da Nijar. Furen zoɓon Jigawa da Kano da Katsina yana tafiya Meziko cikin buhuna, can a dafa shi a sha da sunan jamaica. An ma taɓa rufe masa wannan kasuwa na wani lokaci saboda ƙwaron da aka samu a cikin kaya, kuma kamar yadda ya faru a Italiya, mai laifi da marar laifi duk suka sha.

Maƙwabtanmu sun fara farkawa. A 2013 masoron Penja da farar zumar Oku na Kamaru, da kofin Ziama-Macenta na Gini, suka zama na farko da ƙungiyar kare haƙƙin fasaha ta OAPI ta yi wa rajistar sunan asali. Jamhuriyar Nijar ta bi sahu, ta yi wa kilishinta da albasar Galmi irin wannan rajista. Masu kilishin Area 1 da ke Garki, waɗanda kusan duk matafiyin da zai bar Abuja yake tsayawa wurinsu, ba su da makamancin wannan garkuwa. Nijeriya ba ta cikin OAPI, kuma dokar alamun kasuwanci da take aiki da ita ta samo asali ne tun 1965. An shafe shekaru ana tattauna daftarin dokar kare sunan asalin kaya, manomi kuma yana jiran ya ga amfaninta a gonarsa.

Abin da ke hannun ma'aikaci

Ba duka ne sai an jira Majalisa ba. A watan Mayun 2017, Mukaddashin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya sa hannu a Umarnin Zartarwa mai lamba 003, wanda ya wajabta wa ma'aikatu da hukumomi fifita kayan gida a sayayyarsu, kuma abinci da abin sha suna cikin jerin da aka ambata da suna. Jami'in da ke rubuta wa ɗan kwangila takardar abin da za a kawo a taro yana da madogara idan ya rubuta cewa kayan marmari su kasance na gida a lokacin da suke kakarsu, abin sha kuma ya haɗa da zoɓo ko kunun aya ko ruwan tsamiya daga mai sana'ar da ke da lambar NAFDAC. Layi ɗaya ne a takarda, amma in ma'aikatu goma suka rubuta shi, kasuwa ce.

Dokar 1965 ɗin ma, duk da tsufanta, ta tanadi alamar shaidar inganci, wadda za a iya yi wa rajista a ofishin alamun kasuwanci da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari. Ƙungiyar manoman inabi za ta iya bin wannan ƙofa, kamar yadda manoman Chianti suka haɗa kansu a 1924, kusan shekara 40 kafin gwamnatinsu ta yi dokar DOC. Abin da ake buƙata shi ne su amince da sharuɗɗa a tsakaninsu: iyakar yankin, irin da ake dasawa, zaƙin da curi zai kai kafin a yanke, kwanakin da za a bari tsakanin feshin magani da girbi, da hukuncin wanda ya saɓa.

Masana ma ba su da nisa. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR da takwararta ta wayar da kan manoma, NAERLS, duk suna Samaru, maƙwabtan Kudan ne na ƙut da ƙut. Cibiyar binciken kayan lambu da marmari ta NIHORT, mai hedikwata a Ibadan, tana da reshe a Bagauda ta Jihar Kano. Su ne za su iya tantance nau'o'in da ke gonakin, a san wanne ya fi jure fumfuna, wanne ya dace da ci, wanne da zabibi, wanne da matsa. Iri in ba shi da tabbataccen suna, ba a iya yi masa alkawari. Daraktan da ke duba kasafin waɗannan cibiyoyi a Sakatariyar Tarayya yana da ta cewa a kan ko wannan aiki zai samu kuɗi ko ba zai samu ba.

Gidan Antinori ya kai inda ya kai ne da haƙurin zuriya 26, kuma ba wanda ke cewa Kudan za ta kamo shi a kakar bana. Amma kowane ɗayan sunayen nan ya fara ne ranar da wani ya rubuta sunan ƙauyensu a jikin kaya, ya tsaya a kansa. Kafin liyafa ta gaba, wanda aka ba aikin shirya tebur zai iya ɗaga waya ya tambayi ɗan kwangila daga ina inabin zai zo. In amsar ta zama Kudan, sai ya sa a rubuta sunan a ɗan kati, a ajiye kusa da farantin, inda babban baƙo zai gani.